Tumbin yajin aiki da shayin kwana bakwai

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Na daɗe ina son yin sa, kunya ce ta riƙe ni, don kafin in faɗi ra'ayina dole sai na fara tona wa kaina asiri.

Jiya da yamma ina tsaye a bakin kasuwar Dutse Alhaji ina jiran keke, sai na buɗe WhatsApp na ci karo da status ɗin wata da muka taɓa yin kwas tare. Hoton farko, shayin rage tumbi, wai kilo 5 a kwana bakwai. Hoton da ke bin sa kai tsaye, maganin ƙiba da ciko, wai sati biyu kin ga canji. Mutum ɗaya, lambar waya ɗaya, asusun banki ɗaya. Mai jiki ya zo a rage masa, siriri ya zo a ƙara masa, kowa dai ya turo kuɗi. Na yi dariya, amma dariyar ba ta je ko'ina ba, domin ni ma na taɓa turawa.

Kun tuna yajin aikin ASUU na 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu aka janye ranar 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Wasu sun koyi ɗinki, wasu sun yi aure, ni kuwa tumbi na yi. Na zo nan Dutse wajen yayana, ya zaunar da ni a shagonsa na POS. Daga ƙarfe 8 na safe zuwa 9 na dare ina kan kujera ɗaya, in ba salla ba babu abin da ke tashe ni. Da safe mai shayi ya haɗo mini mai kauri da biredi da ƙwai. Da rana shinkafa da taliya, a kora da lemon kwalba mai sanyi, saboda kun san zafin Abuja. La'asar wani lemon. Dare indomi biyu, in ciniki ya yi kyau a ƙara da tsire. Ko aike aka yi ni nan da can, sai na tare ɗan acaɓa. Na shigo Dutse da kilo 72, na koma makaranta da kilo 89.

Ranar da na shiga hostel kuwa, kai jama'a! Tun daga ƙofa aka fara. Wani ya ce “Alhajin Dutse Alhaji ya iso,” sunan ya bi ni har yau. Wani ya shafa cikin ya ce wata nawa ne. Ina dariya tare da su, amma wallahi in na kwanta da dare abin yana ci na. Kaftanina duk sun matse, hawa bene zuwa ɗakin lakca sai na tsaya a tsakiya in yi kamar ina duba waya, alhali numfashi nake mayarwa.

A wannan halin na ga tallan shayin. Na biya kuɗin da ya kamata in sayi handawut da shi. Kwana uku na farko ni da banɗaki mun zama aminai, amma da na hau sikeli na ga kilo biyu da rabi sun tafi, sai na ce lallai abin nan yana aiki. Kwana na biyar muna da tes ƙarfe 8 na safe. Ban kai rabin tambaya ta biyu ba cikina ya murɗa, gumi ya keto mini, idona ya fara ganin duhu. Na ajiye takarda na fita, a bakin ƙofa na zube. Abokan da ke mini tsiya su ne suka ɗauke ni zuwa asibitin makaranta, Allah ya saka musu, aka ƙara mini ruwa leda biyu. Likitan ya ce a kawo masa kwalin. Ya juya shi gaba da baya, babu lambar NAFDAC, babu jerin abin da aka haɗa, babu adireshin wanda ya yi. Ya kalle ni ya ce, “Malam, kai ɗan jami'a ne fa.” Wannan maganar ta fi allurar zafi.

To ga abin da na fahimta daga baya, kuma shi ne dalilin rubutun nan. Yawancin irin wannan shayin maganin wankin ciki ne kawai aka sa wa kwali mai kyau. Ganyen da aka fi zubawa shi ne filasko, wanda kakanninmu suka sani sarai, kuma ba su taɓa cewa yana narkar da kitse ba. Wasu kuma ana haɗa su da abin da ke sa yawan fitsari. Abin da ke fita daga jikinka ruwa ne da gishirin jiki, shi ya sa sikeli ke sauka da sauri, shi ya sa kuma jiri da murɗawar ciki da bugun zuciya ke biyo baya. Kitsen yana nan inda yake. Ni cikin kwana huɗu da daina sha kilo biyu da rabin nan suka dawo gida lafiya lau.

Mu yi lissafi, tunda mu 'yan boko ne. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Baligi yana ƙona tsakanin 2,000 zuwa 2,500 a rana. Kilo 5 na kitse ya kama kalori 38,500 ke nan. Ko da ka yi sati guda ba ka sa komai a bakinka ba, abin da jikinka zai ƙona bai kai rabin wannan ba. To ta ina shayi zai cire kilo 5 na kitse a kwana bakwai? Wanda ya yi maka wannan alƙawarin, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani ya raina maka hankali.

Akwai ma wanda ya fi filasko muni. Wani magani mai suna sibutramine an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010, saboda an ga yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Bayan janyewar, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sha gano shi a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta wa “ganye zalla”. Idan a can da ake bincike haka ta faru, ina ga kwalin da ba shi da ko adireshi, wanda aka aiko maka ta hannun direban mota?

Sati biyu bayan faɗuwata na koma asibitin kamar yadda likita ya ce. Aka auna jinina, 146 bisa 94. Aka ce in dawo wani satin, aka sake aunawa, bai sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba. Ina da shekara 24 a lokacin. Mahaifina yana fama da hawan jini da ciwon suga, na san kuɗin maganinsa na wata, na san yadda ƙafarsa ke yi. Nan ne tsoro na gaske ya shige ni. Da can damuwata kar a ce mini Alhaji, yanzu kuma maganar ta koma ko zan kai shekara arba'in ba tare da jakar magani ba.

Mu Hausawa mun taso muna ganin tumbi alamar hutu ce. In mutum ya yi ƙiba sai a ce “ka ji daɗi”, “Naira ta zauna”. Amarya in ba ta ciko ba bayan wata uku sai dangi su fara tambaya ko mijin ba ya kula da ita. Ban ce babu dalili a wannan tunanin ba, al'ummar da ta san fari da yunwa dole ta ga jiki a matsayin rufin asiri. Sai dai kakanninmu da suke faɗin haka noma suke yi, suna tafiya kasuwar ƙauye a ƙafa, matan suna daka da surfe da ɗiban ruwa. Mu kuwa zama muke yi a lakca, mu zauna a keke, mu kwanta da waya.

Kitse in ya yi yawa, musamman na ciki wanda ke kewaye hanta da hanji, yana hana jiki jin sinadarin insulin yadda ya kamata, daga nan ciwon suga ke samun ƙofa. Yana ɗaga hawan jini, yana wahalar da zuciya, yana taruwa a hanta. Gwiwa da baya suna ɗaukar kayan da ba a yi su dominsa ba. Minsharin nan da muke yi wa abokan ɗaki dariya a kai, wani lokaci numfashi ne ke ɗaukewa cikin barci, shi ya sa mutum zai kwana takwas ya tashi yana gyangyaɗi a aji. Ga 'yan uwa mata kuma yana iya rikita al'ada, ya kawo wahalar samun ciki da matsala wajen goyonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙibar da ta kai matakin cuta.

Na san abin da wani zai ce: “Malam, mu da muke 0-1-0, wace ƙiba kake magana?” Gaskiyarka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ɗalibai da yawa sau ɗaya suke ci, kuma wanda ke cikin wannan hali rubutun nan ba da shi yake ba, Allah ya kawo mana sauƙi. Amma abu biyun suna zaune a hostel ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 12 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ramammu ne fiye da kima, kashi 28 kuma nauyinsu ya wuce kima. Kuma rashin kuɗin ma yana tura mutum ga abin da ke sa tumbi, domin abin da ya fi araha ya fi saurin cika ciki shi ne fulawa da mai da suga: biredi, fanke, cincin, taliya, lemo.

Yanzu bari in zo kan hoto na biyu na status ɗin nan, don shi ya fi tayar mini da hankali. 'Yan uwana mata, Allah ya ba ku haƙuri, zan faɗa. Abin da ake kira sha ka fashe, da sauran haɗe-haɗen ciko da ake sayarwa a robobi ba suna, yawanci ƙwayoyi biyu ne a ciki. Ɗaya cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura ne wanda ke buɗe ciki ya sa barci. Ɗayan dexamethasone, magani mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa a kan cututtuka na musamman, da lissafi, na ɗan lokaci. In aka daɗe ana shan sa fuska ce ke kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, hannu da ƙafa su sirance, fata ta yi nankarwa. Suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Wato ko cikon da ake nema ba a samu a inda ake so ba. An je neman ƙiba an samo abin da ya fi rama. Kuma don Allah wadda ta riga ta daɗe tana sha kada ta yanke shi rana ɗaya saboda ta karanta wannan, yankewar farat ɗaya tana da nata haɗarin, jiki ya riga ya dogara da shi. Ta je wajen likita a janye mata a hankali.

Wa ke tura su? Mu ne. Mu maza da bakinmu, da ƙawaye, da gwaggo a gidan biki. Yarinya siririya a ce mata sandar rake, a ce wa zai aure ki a haka. Mai jiki a ce mata buhu. Saurayi ya turo hoton wata 'yar fim ya ce haka yake so. Ni namiji ne, tsiyar sati uku kawai aka yi mini na je na sha abin da ya kai ni gadon asibiti. Ina ga wadda tun tana aji ɗaya na sakandare ake yi mata? Ban taɓa ganin wanda gori ya sa ya rame ba. Abin da gori ke yi shi ne ya sa mutum ya ɓuya, ya daina zuwa filin wasa don kar a kalle shi, ya ci abinci a ɓoye, ya nemi hanyar da ta fi sauri. Masu shayi da masu sha ka fashe da bakinmu suke ciniki.

Wanda yake son ya san matsayinsa ba sai ya tambayi abokan ɗaki ba. Ka raba nauyinka na kilo da tsawonka na mita sau kansa. Daga 25 nauyi ya fara wuce kima, daga 30 an shiga ƙiba. Ni tsawona mita 1.72, da kilo 89 lissafin ya ba ni 30 daidai. Wannan awon ba ya bambance tsoka da kitse, don haka ɗan ƙwallo ko mai ɗaga ƙarfe kar ya firgita. Wanda ya fi sauƙi, ka ari tef ɗin tela ka auna ƙugunka ta wajen cibiya, kada ya wuce rabin tsawonka. Nawa ya kamata ya tsaya ƙasa da santimita 86, na same shi 101. Telan da ya ara mini tef ɗin har da cewa “Allah ya ƙara arziki.”

Abin da na yi bayan nan ba shi da daɗin talla, shi ya sa ba za ku gan shi a status ba. Lemon kwalba na fara ajiyewa. Robar nan ta 50cl tana ɗauke da suga wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke ci a rana, wato wajen giram 50 ɗin nan, in ma ya tsaya a 25 ya fi. Ni kuwa biyu nake sha, ban da na mai shayi. Gwamnati ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a 2022, amma tsakani da Allah wa Naira 10 ta taɓa hana shan lemo? Kuma kar mu yaudari kanmu da cewa zoɓo da kunun aya na gargajiya ne. Ku tsaya ku ga yawan sugan da ake zubawa a bokiti ɗaya. Fura da nono ma lafiyarta ƙalau har sai an juye mata rabin gwangwanin suga.

Sati biyun farko na sha wuya, kaina har ciwo yake. Bayan nan harshena ya saba, yanzu in na kurɓi lemo sai in ji zaƙin ya yi mini yawa.

Abinci kuwa ban daina cin komai ba, yawan ne na rage da lokacin. Malmala biyu ta koma ɗaya, miya ta ƙaru. Shinkafa ta koma rabi, wake ya cike gurbin. Kwaɗon zogale da na rama, gurji, kabeji, kankana, lemon ɓawo, dafaffen ƙwai, duk suna nan a kasuwar Dutse da bakin kowace makaranta, kuma kuɗin lemo biyu ya isa sayen wasunsu. Indomin tsakar dare na mayar da ita ta ranar da na ga dama, ba ta kullum ba. Abin dariya, maganar kasa ciki kashi uku tun a Islamiyya muka haddace ta, sai da likita ya tsorata ni na tuna da ita. Azumin Litinin da Alhamis yana taimakawa, in dai ba a rama da faranti uku da magariba ba, kamar yadda da yawanmu ke fita Ramadan da nauyin da ya fi na shiga.

Sai tafiya. Ba ni da kuɗin zuwa gidan motsa jiki, kuma ban ga buƙata ba. Abin da ake so minti 150 ne a sati na motsin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga, wato minti 30 sau biyar. A makaranta na daina hawa keke daga hostel zuwa fakalti. In ina Dutse, bayan sallar asuba nakan taka daga gida zuwa mahaɗar titin Kubwa in dawo, kafin rana ta yi zafi motoci su cika hanya. Garin nan hawa da gangara ne, ko ba ka so sai ka yi gumi. Amma ban ce kowa ya kama hanyar duwatsu shi kaɗai ba, kun san yanayin tsaro a yankin Bwari, a bi inda mutane suke. 'Yan uwa mata kuma ku haɗu ku biyu ku uku, da hijabinku, babu abin da tafiya ta rage wa mutunci. Wadda ba ta son fita, igiyar tsalle a tsakar gida ta wadatar.

Saurin da likitoci ke cewa ya dace shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati. Ni ban ma kai haka ba. Akwai watan jarrabawa da ban rage ko giram ba, akwai hutun salla da na ƙara kilo biyu. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne sanin cewa ba sai na koma yadda nake a aji ɗaya ba kafin jiki ya amfana. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya bi mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Kashi 7 na kilo 89 kilo shida ne da ɗoriya. Wannan kam mutum zai iya.

Yau nauyina kilo 80, ƙuguna 91. Har yanzu ban kai inda ya kamata ba, kuma har yanzu Alhajin Dutse Alhaji ake ce mini, na ma daina jin haushi. Amma awon jinina na ƙarshe 124 bisa 80 ne, kuma ina hawa benen fakalti ba tare da na tsaya duba wayar ƙarya ba.

Wanda nauyinsa ya yi yawa sosai, ko yana da suga, ko hawan jini, ko wadda ke da juna biyu, ya fara ganin likita kafin ya canza komai. Akwai ƙibar da cuta ce ke kawo ta ko wani magani da ake sha, ba yawan ci ba, kuma akwai magungunan rage ƙiba na gaskiya da likita ke rubutawa ga wanda ya cancanta, yana bibiyar sa. Awon jini a asibitin makaranta ko kemis minti biyu ne. 'Yan ABU da BUK da Danfodiyo da Gwagwalada, duk kuna biyan kuɗin asibiti cikin rajista, ku je ku ci kuɗinku.

Ita kuma mai status, na yi mata magana ta gefe cikin mutunci. Ta ce ita ma sari take yi daga wata, ba ta san abin da ke ciki ba, kuɗin makaranta take haɗawa. Na yarda da ita. Na tura mata hoton hannuna da robar ƙarin ruwa na ranar nan, ta gani ba ta ba ni amsa ba, amma da na duba da safen nan hoton shayin ba ya nan, saura na cikon.

'Yan Dutse da Kubwa da Bwari, da 'yan NOUN na cibiyar nan Dutse Alhaji, ranar Asabar in Allah ya kai mu ƙarfe 6:15 ina bakin kasuwa. Mu huɗu ne yanzu, ɗayanmu ma ya fi ni tumbi. Wanda zai zo ya taho da ruwansa.